FARIN TABO A BAKI: KADA A JIRA SAI YA FARA ZAFI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa cikin 'yan agaji ya gabatar wa matasa a garin Gagarawa, kan yadda ake gane alamun farko na ciwon dajin baki. Mun kawo muku shi saboda muhimmancinsa. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira da iyalan gidansa, ina yi wa 'yan'uwa sannu da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga nesa, daga Medu, Madaka, Garin Ciroma da Zarada, da baƙinmu na Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. Allah ya ba da ladan tattaki.

Abin da aka ce in yi magana a kai yau shi ne baki. Ba ina nufin tsare harshe daga gulma da ƙarya ba, wannan fagen malamai ne. Ina nufin shi kansa naman bakin, wato harshe da dasashi da kumatu da leɓɓa da ganɗa, da wani irin tabo da kan fito a jikinsu, wanda in aka bar shi yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. Ni ɗan agaji ne, ba likita ba. Aikin likita shi ne ya tabbatar da ciwo ya yi magani. Namu aikin shi ne mu san abin da ya kamata a kai masa, mu kuma kai da wuri. Iyakar abin da ya tara mu ke nan.

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin azara ya san halin gara. Gara ba ta ƙara, ba ta sallama. Amma kafin azara ta karye, sai ta yi wata siririyar hanya ta jar ƙasa a jikin bango. Mai lura ya gani ya kankare, ya nemi inda ta fito. Wanda bai lura ba, sai wata damina rufi ya rufto masa. To, ciwon dajin baki sau da yawa haka yake. Ya bambanta da na hanta ko na hanji da ke ɓoye a ciki, inda sai an sa na'ura ake gani. Shi wannan a fili yake ajiye alamarsa, wani lokaci shekaru kafin ya zama ciwo, a wurin da tocilan ɗin wayarka ma za ta haska maka. Abin da ya sa ake makara ɗaya ne: alamar ba ta zafi. Mu kuwa a al'adarmu abin da ba ya zafi, bai hana cin tuwo ba, bai hana zuwa gona ba, ba ma lissafa shi cikin ciwo.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai kusan mutum 390,000 ne suka kamu da dajin baki da leɓe a duniya, kimanin 188,000 kuma suka mutu da shi. A Amurka, inda ake ajiye lissafi da kyau, waɗanda aka gano nasu tun bai bar inda ya tsiro ba, sama da 80 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar. Waɗanda kuwa sai da ya bazu zuwa wasu sassan jiki aka gano, ko rabi ba sa kai wa. Ciwo ɗaya ne, asibiti ɗaya, likitoci ɗaya. Bambancin kawai shi ne ranar da mutum ya je.

ALAMUN DA AKE NEMA

Alama ta farko ita ce farin tabo. Likitoci suna ce masa lukofilakiya, asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta farin faci. Tun a 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi masa iyaka da cewa farin tabo ne a cikin baki wanda aka duba aka rasa wani sanannen ciwo da za a jingina shi gare shi. Yadda za ka bambance shi a gida shi ne ka sa tsumma mai tsabta ka goga a hankali. Akwai wani fari-fari kamar kindirmo da kan fito a bakin jarirai, ko mai ciwon suga, ko wanda ya daɗe yana shan kafso. Wannan yana gogewa, ya bar wurin ja, kuma yana da maganinsa daban. Amma farin da muke magana ba ya gogewa, domin naman ne da kansa ya yi kauri ya canza launi. Akwai mai santsi, launinsa bai ɗaya. Akwai kuma mai kaushi, mai gurje-gurje ko tsiro kamar kan farin kabeji, ko wanda fari da ja suka cakuɗe a cikinsa. Wannan na biyun ya fi hatsari.

A nan ina so a fahimce ni, kada wani ya koma gida ya kasa barci. Mafi yawan fararen tabon nan ba sa zama daji. Kaɗan ne daga ciki suke rikiɗewa. Matsalar ita ce babu wanda zai kalla da ido ya rantse cewa wannan zai rikiɗe, wancan ba zai rikiɗe ba, ko da kuwa babban likita ne. Shi ya sa a wani taron masana da aka yi a Landan a 2005 aka zaɓi a riƙa kiransu larurorin da ke iya zama daji. Wato ba hukunci ba ne, gargaɗi ne.

Alama ta biyu ita ce jan tabo, ja wur, mai laushi kamar karan-miski, wanda ake kira eritirofilakiya. Bai kai farin yawa ba, amma ya fi shi sharri nesa ba kusa ba. A 1975 wasu likitoci biyu a Amurka, Shafer da Waldron, sun bi diddigin irin wannan jan tabo da aka yanko aka gwada, suka tarar 91 cikin 100 ko dai naman ya riga ya lalace ƙwarai, ko kuma dajin ya ma soma. Saboda haka jan tabo a baki da ya ƙi tafiya ba abin a ce bari a gama girbi ba ne.

Alama ta uku ita ce gyambon da ya ƙi warkewa. Kowannenmu ya san ƙurjin baki na yau da kullum, ƙarami, mai raɗaɗi, wanda ke hana ka cin yaji. Wannan yakan warke da kansa cikin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. Amma gyambon da ya wuce mako biyu yana nan, bakinsa ya tasa, in ka taɓa gindinsa ka ji tauri, yana jini da an ɗan shafe shi, wannan wani abu ne daban. Ku lura da wannan juyin: mai zafin da ke damunmu sau da yawa shi ne mai sauƙin, marar zafin da muke rainawa shi ne abin tsoro.

Akwai wasu alamun da za a haɗa da waɗannan: ƙullutu a cikin kumatu ko harshe, haƙori ya soma girgiɗi ba tare da dalili ba, wani gefen leɓe ko harshe ya mutu ba ka jin taɓawa, baki ya riƙa ƙin buɗuwa sosai, wahalar haɗiya, dashewar murya da ta ƙi washewa, da kaluluwa a wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi mai tauri, marar zafi, wadda ba ta sacewa.

ME KE KAWO SHI?

Uban tafiyar shi ne taba, ta kowace fuska ta zo. A hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna kawo daji. Wani zai ce shi ba ya busawa, garin taba kawai yake sa wa a baki. To, ɗan'uwa, ba ka tsira ba. An ƙirga aƙalla sinadarai 28 masu kawo daji a tabar da ba a kunna mata wuta. Kuma ku duba yadda dattawanmu ke yi da ita: a haɗa da kanwa, a cusa tsakanin leɓe da dasashi, a wuri ɗaya, safe da yamma, shekara ashirin, shekara talatin. Kanwar tana taimaka wa nikotin ya ratsa nama da sauri, shi ya sa take ƙara kama mutum. In ka ɗaga leɓen mai wannan al'ada, sau da yawa daidai inda yake ajiye tabar za ka ga naman ya yi fari ya tattare.

Shisha kuma, wadda ta shigo cikin samari da sunan wayewa, ana cewa wai ruwan yana tace dafin. Ba ya tacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun a 2005 cewa a zama ɗaya na kamar awa guda, mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau ɗari ko fiye. Giya ma tana kawo shi, kuma in ta haɗu da taba hatsarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake.

Nasan wani yana so ya tambaya, goro fa? Goronmu ba ya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo daji. Wanda aka tabbatar shi ne wani ɗan itace da mutanen Indiya da Fakistan ke taunawa, ana ce masa areka, wasu na kiransa goron Indiya, wanda ake sa wa cikin haɗin da suke kira fan ko gutka. Shi ne ke sa naman kumatu ya ƙage har baki ya kasa buɗuwa. Duk wanda tafiya ta kai shi inda ake sayar da shi, ya kiyaye. Abin lura game da namu goron shi ne jan da yake bari yana rufe launin nama, don haka sai an wanke baki tas kafin a duba. Mai haɗa goro da taba kuwa, hukuncin mai taba ne a kansa.

Akwai kuma karyayyen haƙori mai kaifi da ke gugar harshe kullum. Shi ma yana sa wuri ya yi fari, kamar kantar da fartanya ke yi a tafin hannu. In aka gyara haƙorin ko aka cire shi, farin ya kamata ya tafi cikin 'yan makonni. In bai tafi ba, to ba kanta ba ce. Su kuma 'yan'uwanmu zabiya, zafin rana na iya lalata musu leɓen ƙasa, sai a riƙa taimaka musu da malafa da yawan dubawa. Daɗin daɗawa, ana samun wanda bai taɓa kusantar taba ko giya ba kuma tabon ya fito masa. Don haka kada wani ya ga tabo a bakin ɗan'uwansa ya fara zarginsa. Wannan zargin shi ke sa mutane ɓoyewa.

An yi wani babban bincike kan taba a Nijeriya a 2012, aka tarar namiji ɗaya cikin kowane goma yana amfani da ita. A 2015 aka sa hannu a dokar taƙaita taba, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko kowace tasha a ƙasar Gumel, ku tsaya gaban mai tireda na minti goma. Ku da kanku za ku ba ni labari.

YADDA ZA KA DUBA

Sau biyar a yini muna kurkure baki, muna sa yatsa, muna yin asuwaki. Amma yaushe rabon ɗayanmu da ya tsaya ya kalli cikin bakin nasa? Abin ba ya cin minti uku. Ka wanke hannu da sabulu, ka kurkure baki, ka sami madubi da tocila, ko ka tsaya inda hasken rana yake. Ka jawo leɓen ƙasa ka duba cikinsa, ka ɗaga na sama. Ka ja kumatu gefe, dama da hagu, har can ƙarshen turamen haƙora. Ka bi dasashi ciki da waje. Ka ɗaga kai ka kalli ganɗa. Sannan ka zaro harshe, ka kama bakinsa da tsumma mai tsabta, ka ja shi dama ka duba gefen hagu har tushe, ka ja shi hagu ka duba gefen dama. Daga nan ka ɗaga shi sama ka kalli ƙarƙashinsa da kwarin da yake kwanciya. Waɗannan wurare biyu, gefen harshe da ƙarƙashinsa, ku riƙe su da kyau, domin tabon da ya fito a nan ya fi saurin rikiɗewa, kuma nan ne ido ba ya kai wa sai da gangan. A ƙarshe ka shafa wuyanka da ƙarƙashin haɓa ka ji ko akwai ƙullutu. Sau ɗaya a wata ya isa.

Wani zai ce, anya duban ido kawai zai hana mutuwa? An gwada. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, daga 1996 zuwa 2004, an ɗauki mutanen da ba likitoci ba, aka koya musu duba baki, suka riƙa bi gida-gida da fitila a yankin Tirbandiram, duk wanda suka ga alama a bakinsa su tura shi asibiti. Binciken ya shafi mutum wajen 190,000. Da aka fitar da sakamako a 2005, sai aka ga a cikin masu taba ko giya mutuwa daga dajin baki ta ragu da kashi 34 cikin 100 a garuruwan da aka yi duban. Ba na'ura suka je da ita ba. Ido ne da haske da naci. Wanne ne babu a Gagarawa?

IN AN GA WANI ABU FA?

Ka riƙe ranar da ka gani. In mai taba ne, ya ajiye ta daga ranar. In mako biyu ya cika abin yana nan, sai asibiti. Kada a ce zafi ne, kada a ce basir ne ya taso, tunda mu komai basir ne. Kada a tsaya sayen kafso a kemis ana canza wannan a koma wancan. Kada a shafa shuɗin maganin nan, domin yana rufe launin da likita ke son gani. Kada a sa kanwa ko toka ko ruwan batir, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya. Kowane wata da aka ɓata a kan waɗannan, ciwon ne aka ba.

A fara da asibitin da ke kusa, a nemi a tura mutum Babban Asibitin Gumel, a tambayi ɓangaren haƙori. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. Ka faɗa wa likita gaskiya: yaushe ya fito, me kake sha, me kake sa wa a baki, shekara nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likita zai duba ya lalluba. In bai gamsu ba zai ce a yi bayofsi. Ma'anarsa a yi allurar kashe zafi a wurin, a yanki ɗan nama da bai fi ƙwayar wake ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Ba a kwantar da mutum saboda shi. Wannan gwajin shi kaɗai ne ke raba gardama, shi zai nuna ko ƙwayoyin naman lafiya lau suke, ko sun soma canzawa kaɗan, ko matsakaici, ko sosai, ko kuma dajin ya riga ya kama. A nan ne mutanenmu da yawa ke gudu, saboda maganar da ake yaɗawa cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. 'Yan'uwa, ku taya ni kashe wannan magana. Abin da ke faruwa shi ne ba a kai mutum sai ciwo ya gama cin sa, a yi gwaji, bayan wata biyu ya rasu, sai a ce yankan ne. Ba yankan ba ne, jinkirin ne.

In sakamako ya nuna canjin kaɗan ne, sau da yawa barin taba da komawa ana dubawa shi ne maganin, kuma da yawa daga cikin tabon kan ragu ko su ɓace bayan an bar ta. In canjin ya yi yawa, a yanke wurin, ƙaramin aiki. Amma ko an yanke yana iya dawowa, don haka ranar da likita ya ce a koma, a koma. Ku kwatanta wannan da wanda ya makara: a cire rabin harshe ko ɓarin muƙamuƙi, a tura shi gashi da na'ura a Zariya ko Sakkwato ko Abuja, a sayar da riɗin shekara, a sayar da shanun huɗa, wani lokaci har gona, kuma ba tabbas. Na san kuɗin mota da na kati ba ƙaramin abu ba ne a wannan hali da ake ciki. Amma in an tashi lissafi, a lissafa duka biyun.

Kada kuma a ɗauka jahilci ne kawai ke sa jinkiri. Sigmund Freud, shahararren likitan nan na birnin Biyana, a 1923 ya ga tsiro a ganɗarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci bai faɗa ba, domin ya san za a ce ya bar taba. Aka yi masa tiyata sama da talatin cikin shekara 16, bai bar tabar ba, har ciwon ya kai shi ƙarshe a 1939. Likita ne fa. Sani bai ishe shi ba, tunda son rai ya fi ƙarfinsa.

To, me ya rage gare mu? Yawancin masu wannan ciwo sun haura shekara arba'in. Wato ba ku ne a sahun gaba ba, iyayenku ne da baffanninku da kakanninku, waɗanda ba za su taɓa tsayawa gaban madubi su zaro harshe ba. Na san da nauyi ka ce wa mahaifinka ya buɗe baki ka duba. A bi ta hanyar ladabi. Ka ce, "Baba, an koya mana wani abu yau, ka ba ni dama in gwada a kanka." In ba zai yarda da kai ba, ka bi ta wajen amininsa ko ƙaninsa. Ku koya wa 'yan'uwa mata su duba iyaye mata, musamman tsofaffin da ke sa garin taba. In an ga abu, kai ne mai ƙirga kwanaki, kai ne mai ɗauko babur, kai ne mai tsayawa a layin kati.

Ku kuma da kanku, wanda bai fara ba kada ya fara. Wanda ya fara, ƙofa ba ta rufe ba, domin an tabbatar cewa cikin shekara biyar zuwa goma da barin sigari hatsarin dajin baki yana raguwa da rabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake roƙo shi ne kafin Juma'a mai zuwa kowa ya duba bakinsa, ya kuma duba na babba ɗaya a gidansu. Fari ko ja ko gyambo, in ya wuce mako biyu, ko yana zafi ko ba ya yi, a kai asibiti. Lafiya amana ce a hannunmu, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kare mu da iyayenmu. Wanda yake da tambaya yana iya ɗaga hannu.